PuckPedia: shafin da ke faɗa maka kuɗin rabuwa da gola

Tun da ƙungiyar Washington Capitals ta saye shafin CapFriendly a 2024 ta rufe shi ga jama'a, masu son sanin abin da ake biyan 'yan wasan hokin ƙanƙara a gasar NHL ta Amurka da Kanada suka koma PuckPedia. Kyauta ake shiga, ba sai ka yi rajista ba kafin ka ga alƙaluma. Kayan da ke ciki suna da yawa, amma da tambaya ɗaya muka auna shi: idan ƙungiya ta ɗaure kanta da mai tsaron raga na shekara bakwai ko takwas, shafin zai nuna maka ramin kafin a faɗa ciki? Yana nuna rabinsa, kuma a wannan rabin da wuya ka samu wanda ya fi shi. Ɗaya rabin sai ka nema a wani wuri.

Wani zai ce ina ruwan Kaduna da hokin ƙanƙara. Da gaskiyarsa. Hokin da muka sani na fili ne, irin na Kada Stars da Kada Queens, kuma wasannin NHL galibi sai sha biyun dare ko ƙarfe ɗaya suke farawa a agogonmu, lokacin masu gidajen kallo na Tudun Wada da Kawo sun daɗe da kashe janareto. Abin da zai amfane mu a nan takardar kwantiragi ce. A ƙwallon ƙafa albashi ɓoyayyen abu ne, kowace jarida da nata adadin. Magoya bayan Chelsea sun san an sayo Kepa a 2018 a kan fam miliyan 71.6 da kwantiragin shekara bakwai, sun ga ya koma benci, an kai shi aro Real Madrid da Bournemouth, amma ba wanda ya taɓa nuna musu takardar shekara bayan shekara. A NHL ana ganin wannan. Mai makarantar horar da yara, ko wakilin 'yan wasa, ko lauyan da ake kawo wa kwantiragi ya duba, zai koyi abu a nan ko da bai taɓa ganin an buga wasan ba.

Akwai ƙa'idoji uku da in ba ka riƙe su ba, alƙaluman shafin ba za su yi maka magana ba. Kowace ƙungiya cikin 32 tana da iyakar abin da za ta kashe a albashin 'yan wasanta gaba ɗaya, komai arzikin mai ita. An soma da dala miliyan 39 a kakar 2005-06, a kakar 2025-26 iyakar ta kai miliyan 95.5. Sannan ba abin da aka danƙa wa ɗan wasa a shekarar ake ƙirgawa ba, jimillar kwantiragin ake rabawa da yawan shekarunsa, abin da ya fito shi ne nauyinsa a kowace kaka. Ta ukun ita ce mai zafi: da an sa hannu magana ta ƙare. Ba a sake zama a rage albashi ko da ɗan wasan ne ya nema, ba a kuma sayar da shi a karɓi kuɗi a cike giɓi. Sai dai musaya da wata ƙungiya, ko a sallame shi a biya shi diyya bisa wani lissafi da aka riga aka kafa.

Yadda ake amfani da shi ba wuya. Ka zaɓi ƙungiya, sai jadawali ya fito: 'yan gaba a sama, 'yan baya a tsakiya, masu tsaron raga a ƙasa, suna biyu ko uku kacal. Kowace kaka da layinta, don haka da kallo ɗaya za ka ga wanda kuɗinsa ya miƙe har ƙarshen jadawalin. Kada ka tsaya a nan. Danna sunan golan ka shiga shafinsa, inda aka farfasa kwantiragin shekara-shekara. Abin da za ka fara yi shi ne lissafin da shafin ya bar maka: ɗauki shekarar haihuwarsa, ka duba shekarar da kwantiragin zai ƙare. Connor Hellebuyck na Winnipeg, wanda ya sa hannu a kan miliyan 59.5 na shekara bakwai a Oktoban 2023, zai kai 38 kafin a rabu. Igor Shesterkin na New York Rangers, mai miliyan 92 na shekara takwas, zai kai 37. Su biyun suna cikin waɗanda ba a musun iyawarsu, Hellebuyck ma shi aka zaɓa gwarzon gasar baki ɗaya a 2025. Amma ƙungiya ba ɗan shekara 30 kaɗai ta saya ba, har da dattijon da zai zama.

Daga nan ka duba layin da yawancin mutane ke tsallakewa, wanda kuma shi ne dalilin da ya sa shafin ya cancanci datarka: rabon kuɗin tsakanin albashi na ainihi da kuɗin sa hannu. A ƙwallon ƙafa mun saba kuɗin sa hannu sau ɗaya ake bayarwa. A NHL ana iya rubuta shi kowace shekara, a biya a dunƙule, galibi ranar 1 ga Yuli. Bambancin yana fitowa ne ranar rabuwa. Idan ƙungiya za ta sallami ɗan wasa mai shekara 26 zuwa sama, kashi biyu cikin uku na albashin da ya rage take biya, a shimfiɗa shi a kan ninkin shekarun da suka rage. In bai kai 26 ba, kashi ɗaya cikin uku ne. To amma wannan rangwamen albashi kawai yake shafa. Kuɗin sa hannu ba a taɓa shi, cif ake biya, kuma cif yake zama a cikin iyakar. Wakilan 'yan wasa sun san haka sarai, shi ya sa manyan gololi ke neman a tura yawancin kuɗin can.

Shafin yana da na'urar lissafin sallama, kuma ita ce mafi daɗin aiki a cikinsa. Ka sa sunan ɗan wasa, ka zaɓi shekarar da kake son a sallame shi, ta fito maka da abin da zai rage a wuyan ƙungiyar kowace kaka. Don ka tabbata ka gane abin da take yi, ɗauki biro ka bi lissafin Jack Campbell da hannu. Edmonton ta ɗauke shi a Yulin 2022 a kan miliyan 25 na shekara biyar, wato nauyin miliyan 5 a kaka. A kakarsa ta farko wani matashi, Stuart Skinner, ya ƙwace masa raga. A Nuwamban 2023 aka saukar da shi ƙaramar gasa, inda dokar ta sauke wa ƙungiyar miliyan 1.15 kawai, sauran 3.85 na nan a kanta ga mutumin da ba ya ko zama a benci. Ƙarshen Yunin 2024 aka sallame shi da sauran shekara uku, albashin da ya rage miliyan 13.5.

Kashi biyu cikin uku na 13.5 shi ne 9. Ninkin shekara uku shida ne. Don haka Campbell zai riƙa karɓar miliyan 1.5 duk shekara har sau shida. Amma ba 1.5 za ka gani a jadawalin shekarun farko ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa su ce shafin ya yi kuskure. A kowace shekara cikin ukun da suka rage, ana duba abin da ƙungiyar ta tsira da shi a aljihu, a cire daga miliyan 5 ɗin. A shekarar farko albashinsa 5.4 ne, an biya 1.5, an tsira da 3.9, saura 1.1. Ta biyu albashin 4.2, nauyin ya zama 2.3. Ta uku 3.9, nauyin 2.6. Sai shekara uku na 1.5 su biyo baya har 2030. Ka lura da yadda abin yake hawa maimakon sauka. Sauƙin yana shekarar farko, ciwon yana zuwa daga baya, daidai lokacin da matasan ƙungiyar za su zo neman ƙarin albashi. Edmonton ta kai wasan ƙarshe a 2024 da 2025 ta sha kashi duka biyun, kuma miliyan biyu da wani abu a irin wannan matsayi kuɗin ɗan baya ne mai amfani.

Campbell ma da sauƙi, domin akwai ƙofar fita. Carey Price na Montreal shi ne misalin inda aka toshe ƙofar da bulo. Ya sa hannu a Yulin 2017 a kan miliyan 84 na shekara takwas, nauyin 10.5 a kaka, kuma miliyan 70 daga ciki kuɗin sa hannu ne. Abin da za a iya yi wa rangwame bai wuce miliyan 14 ba a tsawon kwantiragin gaba ɗaya, don haka sallama ba ta da wani amfani. Kamar mutumin da ya biya hayar shago ta shekara takwas a gaba ne a Kasuwar Barci: ko ciniki ya tsaya, ko ya kulle ya tafi, kuɗin sun riga sun shiga hannun mai shago. Ba za a ce Montreal ta yi wauta ba. Price ne gwarzon gasar a 2015, kuma shi ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗa har wasan ƙarshe a 2021. Bayan nan aka yi masa tiyata a gwiwa, ya buga wasa biyar a kakar da ta biyo, shi ke nan. Sauran shekarun ya yi su ne a jerin masu doguwar jinya.

Wannan jeri, da shafin ke yi wa alama da LTIR, shi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Ba ya goge kwantiragi. Ɗan wasan da zai rasa aƙalla wasa 10 da kwana 24 ake sawa, sai a ba ƙungiyar izinin haura iyakar don ta nemo madadinsa. Kuɗin ana ci gaba da biya. Ƙari a kan haka, ƙungiyar da ke zaune a kan wannan izini ba ta tara rarar ƙasan iyakar da sauran ƙungiyoyi ke tarawa kullum su yi cefane da ita a tsakiyar kaka. A Satumban 2025 Montreal ta miƙa wa San Jose shekarar ƙarshe ta takardar Price, ta ɗora da damar zaɓen sabon ɗan wasa guda, don kawai a raba ta da ita. PuckPedia na ware masu jinyar nan a gefe da adadinsu, amma ba zai zaunar da kai ya yi maka wannan bayani a kan jadawalin ba, sai ka bi shafukan bayanin dokoki da kanka.

Sai haruffa uku da za ka gani kusa da wasu shekaru. NTC na nufin ba a musayar ɗan wasan sai da yardarsa, wani lokaci iyakarta jerin ƙungiyoyin da ya ce ba zai je ba. NMC ta fi ƙarfi: ba musaya, ba kuma saukarwa ƙaramar gasa. Duba shekarun da sharaɗin ya rufe, domin ba dole ya rufe duka ba. Kwantiragin da sharaɗinsa ke sassautawa a shekaru uku na ƙarshe daban yake da wanda ya kulle har ƙarshe, ko da adadin kuɗinsu ɗaya ne. A kan gola abin ya fi ciwo, saboda raga ɗaya ce. Ɗan gaban da ƙafarsa ta yi sanyi ana iya mayar da shi layi na uku ko na huɗu ya ci gaba da ɗan taɓukawa. Golan miliyan 8 kuwa ko yana cikin raga ana zura masa, ko yana benci da hula a ka. Ƙungiyoyin da ke neman gola na ɗaya a kowane lokaci ba su da yawa, in kuma ya soke rabinsu da jerinsa, kasuwar ta ƙare. Doka ta yarda ƙungiya ta riƙe har rabin albashin don ta samu mai karɓa, amma kwantiragi uku kawai za ta iya yi wa haka a lokaci guda.

Kada adadin dala ya ruɗe ka wajen kwatanta zamani da zamani. Raba nauyin da iyakar shekarar. Miliyan 10.5 na Price a kan iyakar 79.5 ta kakar 2018-19 kashi 13.2 ne cikin 100. Miliyan 11.5 na Shesterkin, wanda ake ta cewa ba a taɓa ba gola irinsa ba, kashi 12 ne a kan 95.5, kuma da yake an sanar iyakar za ta kai 104 sannan 113.5, zai sauko wajen kashi 10. Duk mai ba da dogon kwantiragi a kan wannan hawan yake caca. Waɗanda suka sa hannu kafin 2020 sun yi irin wannan lissafi, sai annobar korona ta zo iyakar ta tsaya cak a 81.5 har kaka uku.

Tsofaffin labaran da suka sa aka canza doka suna nan ga mai tono. New York Islanders ta ba Rick DiPietro shekara 15 a 2006, miliyan 67.5. Kwatangwalo, gwiwa da buguwar kai suka cinye shi, aka sallame shi a 2013, kuma miliyan 1.5 ake biyansa duk shekara har 2029. Philadelphia ta ba Ilya Bryzgalov shekara tara a 2011, miliyan 51, ta sallame shi bayan shekara biyu. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne, don a ba shi fili aka tura wani matashi Columbus a 2012, sunansa Sergei Bobrovsky, wanda ya zama golan da ya fi kowa a gasar a 2013. An sayar da kare an sayi biri. Waɗannan sallama biyu an yi su ne ƙarƙashin wata afuwa ta musamman bayan rikicin ƙungiyoyi da 'yan wasa na 2012-13, don haka ba sa shiga lissafin iyaka, kada ka ɗauke su ma'auni na yau. Na Roberto Luongo ya fi ban mamaki. Vancouver ta ba shi shekara 12, miliyan 64, ta tara kuɗin a gaba, miliyan 10 a shekarar farko, miliyan ɗai-ɗai a biyun ƙarshe, don matsakaicin ya sauko. Daga baya aka kafa dokar hukunta wannan dabara, aka kuma ce ta shafi tsofaffin takardu. Da ya yi ritaya a 2019, shekara biyar bayan ya koma Florida, Vancouver aka ɗora wa tarar kusan miliyan 3 a kaka har kaka uku.

Iyakar abin da shafin ya iya ke nan. Abin da ba zai nuna maka ba shi ne jikin mutumin, kuma a nan ne asalin haɗarin yake. Gololin zamani da salon malam-buɗe-littafi suke tsaro: ya faɗi a kan gwiwoyinsa, ya haɗe su, ya watsa ƙafafu gefe da gefe yadda kushin ƙafarsa za su toshe ƙasan raga. Ragar ƙafa shida ce a faɗi, huɗu a tsayi, yawancin hari ta ƙasa yake zuwa, don haka salon yana aiki. Amma gaɓar kwatangwalo ba a halicce ta don wannan murɗawa ba. Kan ƙashin cinya yana gugar bakin kwaskon da yake zaune ciki, a hankali guringuntsin da ya zagaye wurin ya yage. Ga turawa daga wannan turke zuwa wancan yana durƙushe, nauyin duka a kan gwiwa da matsematsi. Yana yin haka a wasa, yana yin ninkinsa a atisaye, tun yana yaro. Cory Schneider na New Jersey, mai miliyan 42 na shekara bakwai, an yi masa tiyatar kwatangwalo a 2018, bai koma yadda yake ba, aka sallame shi a 2020. Andrei Vasilevskiy na Tampa Bay, wanda ya ɗauki kofi biyu bayan ya sa hannu a kwantiragin miliyan 76, sai da aka yi masa aiki a baya a 2023. PuckPedia zai gaya maka wane ne ke jinya yau. Tarihin gaɓoɓinsa kuwa sai ka tono daga labarai.

Abu na biyu da sai ka tono a wani wuri shi ne zurfin alƙaluman wasa. Ana auna gola da kason harin da ya tare, a rubuce kamar .915 (wato ya tare hari 915 cikin 1,000) ko .900. A ido kamar babu bambanci. Amma golan da aka kai wa hari 1,800 a kaka, tazarar nan ƙwallo 27 ce, wadda ta isa ta raba mai zuwa zagayen kofi da mai zama a gida. Matsalar ita ce gola ɗaya yana iya ba ka .915 bana ya ba ka .895 baɗi ba tare da wani ciwo ba, kuma kason bai san bambancin harin da aka yi daga nesa da wanda aka yi a bakin raga ba. Golan da ke bayan 'yan baya masu tsari yana cin albarkacinsu. Jeremy Swayman na Boston ya ba da .916 a kakar 2023-24, lokacin yana raba aiki da Linus Ullmark, bai taɓa wuce wasa 44 a kaka ba. Boston ta tura Ullmark Ottawa tun kafin ta gama ciniki da Swayman, ta bar kanta ba madogara. Swayman ya ƙi zuwa sansanin share fage har sai da aka ba shi miliyan 66 na shekara takwas ana gab da fara kaka, ya buga wasa 58, ya ba da .892. Kaka ɗaya ba ta yanke hukunci a kan shekara takwas, amma ta nuna abin da aka saya ba a gwada ba: ɗaukar kaya shi kaɗai. Don irin wannan bincike ka buɗe MoneyPuck a gefe, shi ma kyauta ne, yana auna ƙwallayen da gola ya hana idan aka kwatanta da haɗarin kowane hari. Ka duba aƙalla kaka uku a jere, ka duba yawan wasannin kowace.

Ba kowane dogon kwantiragi ne ke zama ƙarfen ƙafa ba, kuma wanda zai yi adalci dole ya ambaci Bobrovsky. Florida ta ba shi miliyan 70 na shekara bakwai a 2019 yana ɗan shekara 30. Kakarsa ta farko .900. Shekaru aka yi ana kiran takardar ɗaya daga cikin mafi muni a gasar, har a 2023 ma wani gola mai araha, Alex Lyon, ne ya fara zagayen kofi a raga. Sai Bobrovsky ya dawo ya kai su wasan ƙarshe a shekarar, ya ɗauki kofi a 2024, ya maimaita a 2025. Da wani ya buɗe na'urar sallama a 2022 ya bi abin da zuciya ta raya masa, da ya yi asarar kofi biyu. A ɗaya gefen kuma, St. Louis ta ci kofin 2019 da Jordan Binnington wanda a farkon kakar yana ƙaramar gasa, Vegas ta ci na 2023 da Adin Hill mai albashin da bai kai miliyan 2.2 ba, bayan ta yi amfani da gola biyar a kakar. Hukuncinmu a kan wannan shi ne, gololin da suka cancanci shekara bakwai ba su cika yatsun hannu ɗaya ba a kowane zamani. Ɓarnar ta fi yawa a tsakiya, wurin masu miliyan 5 ko 6 na shekara biyar ko shida, irin su Campbell da Martin Jones na San Jose, waɗanda aka biya kuɗin tabbas alhali ba su fi na araha da wani abin kirki ba.

Shafin yana da nasa naƙasu ga mai amfani da shi daga nan. Turanci ne zalla, kuma Turancin lauyoyi, cike da gajerun haruffa. Jadawalin yana da faɗi, a ƙaramar waya sai ka yi ta ja hagu da dama, har ka manta layin wace shekara kake kai. Ka kwantar da wayar a gicciye, ko ka bari sai ka samu kwamfuta. Adadin da ke ciki kuɗi ne kafin haraji da sauran abin da ake cirewa, kuma haraji a Montreal daban yake da na Florida inda jiha ba ta karɓar harajin albashi, don haka kada ka ɗauka abin da ka gani ne ke shiga aljihu. A gefen yabo, yana rubuta sunan wakilin kowane ɗan wasa da jerin waɗanda yake wakilta, abin da zai ba ka damar ganin ko wakili ɗaya yana da salon takarda da yake maimaitawa. Akwai kuma PuckGM, inda kake zama manajan ƙungiya na wasa, ka sallami wannan ka musanya wancan ka ga ko lissafi zai tsaya. Ga mai koyo ya fi karatu saurin shiga kai. Spotrac ma na da alƙaluman NHL, amma ya haɗa wasanni da yawa, PuckPedia kuwa hoki kaɗai ya sa a gaba.

Ga masu harkar ƙwallon ƙafa a nan gida, a tuna dokar FIFA ta tsayar da kwantiragi a shekara biyar sai inda dokar ƙasa ta yarda da fiye, yaro ɗan ƙasa da 18 kuma shekara uku. Don haka ba tsawon za ka kwafa ba. Tambayoyin za ka ɗauka: nawa ne a dunƙule, nawa ne wata-wata, wa ke biya idan gwiwa ta tafi, kuma nawa ne kuɗin rabuwa a shekara ta biyu, ta uku, ta huɗu. NHL ɗin ma tana ja da baya. Yarjejeniyar 2013 ta tsayar da tsawon kwantiragi a shekara takwas ga wanda ya sabunta da ƙungiyarsa, bakwai ga wanda ya sauya. Sabuwar yarjejeniyar da ke fara aiki a Satumban 2026 ta rage zuwa bakwai da shida.

Lokaci biyu ne shafin ya fi amfani a shekara. Na farko rabin ƙarshe na watan Yuni, lokacin da ake buɗe damar sallama har zuwa 30 ga wata. Na biyu ranar 1 ga Yuli, da ake buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, ƙarfe biyar na yamma agogon Najeriya. A ranar jimillar kuɗi da yawan shekaru ne ke fara fitowa, rabe-raben kan biyo baya. Ka jira layin kuɗin sa hannu da na sharaɗin musaya su cika, sannan ka sa sunan a na'urar sallama ka zaɓi shekara ta huɗu.